Lamba da Takalmin Hawan Dutse

A layin shagunan nan kaf babu mai kiransa da sunansa na yanka. Lamba ake ce masa, shi ma ya daɗe da amsawa. Dalili kuwa, kafin ka gama sallama idonsa ya riga ya sauka a kan ƙafarka, kafin ka zauna ya ce, "Arba'in da biyu, amma ta dama ta ɗan fi faɗi." In ka yi gardama sai ya ɗauko maka wanda ka ce, ya koma gefe ya harɗe hannu yana kallonka kana kokawa da dunduniya, har ka gaji ka ce a kawo wanda ya faɗa. Tun yana saurayi yake sayar da takalma, a shago guda, ƙarƙashin fanka guda mai ƙara kamar yau za ta faɗo.

Shagon yana da doka ɗaya, kuma ba a ɗaga wa kowa ƙafa. Akwai wani jan kafet dogo siriri da ya tashi daga bencin gwaji ya tsaya a gaban madubi. In ka saka sabon takalmi, nan za ka taka, nan kaɗai. Ƙafarka na zamewa zuwa siminti za ka ji muryarsa: "Kan kafet, don Allah! Kan kafet!" Domin takalmi muddin ƙasansa bai taɓa ƙasa ba, sabo ne, ana iya mayar da shi kwali. Da zarar tsakuwa ta karce shi, shi ke nan, ka saya ko ba ka so. Har 'ya'yansa sun tashi da wannan. A gidansa in aka miƙo wa mutum takalmi, abin da zai fara yi shi ne ya juya shi ya dubi ƙasan.

Asali shagon na yayansa ne. Shi ya koya masa sana'ar, shi ya yi masa aure, shi ya saya masa agogon farko da ya taɓa ɗaurawa. Wata safiya Yaya yana saukowa daga ɗakin ajiyar kaya na sama da kwalaye a hannu, sai ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, bari ya ɗan zauna. Ya zauna a kan matakala, bai sake tashi ba. Lamba ne ya riƙe kansa a cinya, yana ihu a kira mota, yana jin jikin mutumin yana saki. Daga ranar ya gaji shago, ya gaji kafet, ya kuma gaji wani tsoro da bai taɓa gaya wa kowa ba.

To, yanzu ya wuce shekarun da Yaya ya rasu a cikinsu. Kuma tun wasu watanni, in ya hau matakalar nan, wani abu yakan damƙe masa ƙirji, kamar an cusa zuciyarsa cikin takalmin da ya yi mata kaɗan. In ya tsaya ya huta sai ya saki. Maimakon ya je asibiti, mutumin naku sai ya kwaso duk lambobin da aka fi saya ya jere su a ƙasa, ya ce wa matarsa wai sabon tsari ne. Haka ya rage hawa, ya ce wa kansa ai ya warke.

Ana cikin haka Auta ta kira. Ita ce ƙaramar 'yarsa, wadda ta tafi karatu ƙasar waje, ta sami aiki ta zauna can. Shekaru ke nan ba ya ganinta sai a fuskar waya. A can ta koyi wata ɗabi'a da ta ɗaure wa iyayenta kai: in ta sami hutu sai ta goya jaka ta shiga duwatsu da ƙafa, daga wannan ƙauye zuwa wancan, ta kwana a ƙananan masaukai, gari ya waye ta ci gaba.

"Baba, bana da kai zan yi," ta ce. "Mama ta ce gwiwarta ba za ta iya ba, za ta zauna a gidana ta jira mu. Ni da kai kawai. Babu shago, babu mai tambayarka lamba nawa."

Lamba bai taɓa iya ce wa yarinyar nan a'a ba, tun tana rarrafe a kan kafet ɗin shago tana tauna igiyar takalmi. Bakinsa ya ce to kafin ƙirjinsa ya yi magana.

Mai gyaran agogo, maƙwabcinsa na shago, da ya ji labari sai da ya cire gilashin da ke idonsa don ya yi dariya da kyau. "Wato za ka hau jirgin sama, ka ƙetare duniya, don ka je ka yi tafiyar ƙasa? Lamba, in tafiya kake so, ga gidan surukaina can bayan gari, je ka gaishe min da su."

Auta kuwa ba da wasa take ba. Kullum da safe sai saƙon murya ya shigo, uwarta ta ɗora wayar a kan tebur kusa da kofin shayi ta kunna da ƙarfi. Yau ta ce a nemi safa mai kauri wadda ba ta riƙe gumi, kada a sa ta auduga, ita ke kawo bororo. Gobe ta ce ya fara goya jaka da gorunan ruwa a ciki, yana ƙarawa kaɗan kaɗan, don kafaɗa ta saba. Jibi ta ce rigar ruwa mara nauyi, domin a can sama hadari ba ya sallama. Ta ce a yanke farcen ƙafa kafin tafiya, a sa magunguna a jakar hannu kada su bi babbar akwati su ɓata, a yi inshorar da ta haɗa da hawan dutse. Kowane saƙo kuma da abu biyu take rufe shi: "Baba, ka riƙa hawan matakala. Kuma don Allah ka je likita ya duba ka kafin ka taso."

"Zan je," yakan ce wa wayar, ya kurɓi shayi.

Sai ga takalmin ya iso, ta aiko ta hannun wani da ya zo gida. Lamba ya buɗe kwali ya ɗaga shi sama yana juyawa. Kai, an yi aiki a nan! Ɗinki biyu, wuya mai tsawo da ke riƙe idon sawu, ƙasa mai zurfin zane. Da ya dubi lambar sai ransa ya ɓaci. Ya fi ƙafarsa da lamba guda.

"Ni za a koya wa lamba?" ya ce da ta kira. "Ni?"

"Baba, ƙafa tana kumbura in an wuni ana tafiya. Ga safa mai kauri. In kana gangarowa kuma yatsunka suna dukan gaba, in babu wuri farcenka zai yi baƙi ya fita." Ta yi dariya. "Ba kai ke ce wa mutane su zo gwaji da yamma ba, lokacin da ƙafa ta buɗe?"

Nan fa ta kama shi. Sai ta ƙara da cewa lallai ya riƙa saka shi kullum yana tafiya da shi a titi, da tudu da gangare, har fatar ta yi laushi ta san ƙafarsa. Wanda ya kai sabon takalmi dutse, in ji ta, tun ranar farko zai fara ɗingishi.

Nan fa Lamba ya yi abin da babu mai yi sai mai shagon takalma. Kullum yakan riga kowa zuwa layi, ya shiga ya janyo ƙofa, ya saka safa da takalmi, ya goya jakar goruna, ya hau jan kafet. Daga benci zuwa madubi, daga madubi zuwa benci. Ya yi ta kai da komo har rana ta ɗaga. Sannan ya cire, ya goge ƙasan da tsumma duk da babu abin gogewa, ya cusa takarda a ciki, ya mayar kwali. Da yamma in Auta ta tambaya, sai ya ce, "Yau ma na yi tafiya." A lissafinsa ai bai yi ƙarya ba. Haba Lamba!

Mai agogo ya leƙo wata safiya ta tsagin ƙofa ya gan shi. "Ka isa ƙasar wajen ne, ko har yanzu kana hanya?"

"Tafi ka ji da agogunanka."

Ya mayar da abin wasa, amma shi ya san dalilinsa. Kafet ba shi da tudu, ba ya tayar da abin da ke kwance a ƙirjinsa. Sannan muddin ƙasan takalmin nan fes yake, a ransa tafiyar ba ta tabbata ba, ana iya mayar da komai kwali.

Tsoro kuwa kullum ƙaruwa yake. Auta takan turo hotunan hanyar da za su bi, tana murna: siririyar turba a gefen dutse, ƙasa can nesa, gajimare a ƙarƙashin mutum. Uwar takan ce, "Tubarkalla, ji kyau." Shi kuwa sai ya karɓi wayar ya buɗa hoton da yatsu biyu, yana neman inda mota za ta iya shigowa. Babu. Ko rufin gida guda babu. Wata rana ya daure ya tambaya, kamar ba komai ba, "Auta, in mutum ya gurɗe a wurin nan fa?"

"Akwai lambar da ake kira, Baba. In abin ya yi tsanani jirgi mai saukar ungulu ke zuwa. Amma wani wurin sai an ɗan taka kafin waya ta kama."

Sai an ɗan taka. Maganar nan ta zauna masa a rai. Yana cikin ɗaure wa mai saye igiya sai ya hango Auta a ransa, zaune a kan turbar nan ita kaɗai, kansa a cinyarta, tana ɗaga waya sama tana neman layi, iska tana kwashe ihunta. Ya san nauyin kan mutum a cinya, ya san yadda ake ji. Ya tsaya riƙe da igiyar har mai sayen ya ce, "Baba, lafiya?" In kuma ya tuna likita, sai wani tsoron ya taso ta ɗaya gefen: za a ce masa babu dutse, babu jirgi, zauna gida. Ke nan ba zai ga 'yarsa ba, wataƙila har abada. Ya rasa wanda zai guda a cikin biyun. Abinci ya daina shiga, wandonsa ya fara zamewa, ya huda sabon rami a bel ɗinsa bai gaya wa kowa ba.

Matarsa ce ta tona shi, kuma ba da niyya ba. Ya manta tabaransa a gida ta kawo masa shago, ta ga kwalin a ƙarƙashin teburin shago, ta ce bari ta ga yadda takalmin ya yi laushi. Matar mai takalma ce, shekara da shekaru. Tana ɗauka ta juya shi.

Ta dubi ƙasan, ta dubi mijinta, ta sake duban ƙasan.

"Baban Auta, wannan ne takalmin da ya yi wata yana yawo a gari?"

"Ina goge shi ne."

"Da me kake goge shi, da har ƙurar cikin zanen take fita? Ko ɗan gashin robar nan na kamfani bai karye ba." Ta ajiye shi a kan teburin da ƙarfi. "Yarinya tana can tana ƙirga kwanaki, tana gaya wa ƙawayenta babanta na zuwa, kai kana nan kana yi mata wasan yara. Ranar da ba ka buɗe shago, da ni za ka fita. Da gwiwar tawa. In ga ƙaryar rashin lokaci."

Ita ta ɗauka lalaci ne da ƙyashin ɓata sabon abu. Ya bar ta a haka, don ya fi masa sauƙi.

Ranar ta zo. Ya tsaya a bakin ƙofar gida da jaka a baya, ya daɗe yana kallon ƙasa kafin ya sauke ƙafa. Tsakuwa ta yi ƙara a ƙarƙashinsa, ya ji har cikin haƙoransa. Suka bi ta gaban kantin magani, suka wuce tashar bas da makarantar da yaransu suka yi. Iskar safe tana da daɗi, takalmin ya riƙe ƙafarsa cif, har ya fara tunanin ko dai shi ne ya tsorata kansa a banza. Ya ma ja matarsa da wasa, ya ce ta ɗaga ƙafa, tsohuwa kawai.

"Tsohuwar da ta fitar da kai daga kwali," ta ce.

Sai suka iso gadar sama ta masu ƙafa, wadda ta haye babban titi. Ya tsaya.

"Mu tsallaka ta ƙasa mana."

"Motocin nan su kwashe mu? Ba matakala aka ce ka riƙa hawa ba? Wuce gaba, ina bayanka."

Ya kama ƙarfen gefe ya fara hawa. Na farko lafiya, na biyu lafiya. Bai kai rabi ba abin ya zo, kuma yau bai zo da sallama ba. Ya damƙe ƙirjin, ya gangara hannun hagu, ya hau har muƙamuƙi. Gumi mai sanyi ya karyo masa. Ƙarar motocin da ke wucewa a ƙasa ta yi nisa, kamar an toshe masa kunne. Ya ji bakinsa yana cewa, "Bari in ɗan zauna," sai gabansa ya yanke ya faɗi, don ya san inda ya taɓa jin maganar nan.

Ya zauna a kan matakala. Mutane suna raɓa shi suna wucewa. Matarsa ta iso tana haki, bakinta ɗauke da tsiyar da za ta yi masa, tana ganin fuskarsa ta haɗiye.

"Innalillahi! Baban Auta! Mene ne? Ina ne?"

Ya nuna ƙirji.

Ta fizge jakar daga bayansa ta yar, gorunan suka gangara ƙasa suna ƙara. Ta riƙe fuskarsa da hannu biyu. "Dube ni. Kada ka rufe ido. Dube ni, na ce!" Ta juya tana ƙwala wa mutane kira a tsayar da tasi. Matar da ko a gida ba a jin ɗaga muryarta, ranar har wancan gefen titi an ji ta. A cikin mota, da abin ya ɗan lafa, ta tambaye shi a hankali, "Tun yaushe?" Ya faɗa mata. Har suka isa hawaye kawai take sharewa da gefen mayafi.

A asibiti aka manna masa wayoyi a ƙirji, aka ɗebi jini, aka kwantar da shi. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta kwance masa igiyar takalmin, ta ce, "Baba, ina za ka da wannan, yaƙi?" Bai iya dariya ba. Bayan gwaje-gwaje likita ta zo, mace ce da ba ta fi sa'ar Auta ba, ta ja kujera ta zauna kusa da gadon. Ta ce ɗaya daga hanyoyin da ke kai wa zuciyarsa jini ta tsuke sosai. Za su shiga ta jijiyar hannu su buɗe ta, cikin 'yan kwanakin nan, ba za a jira ba. Ta ce aiki ne da suke yi kullum, mafi yawan mutane suna tashi su koma harkarsu, har ma tafiyar ƙafa za ta zama maganinsa daga baya.

"Mafi yawa," Lamba ya maimaita.

"Mafi yawa, Baba. Ba zan yi maka ƙarya in ce duka ba."

"Dutsen fa?"

"Bana babu dutse. Jirgi ma sai mun ga yadda ka warware." Ta dube shi sosai. "Ka gode wa Allah da abin ya same ka a kan gada, da titi a ƙarƙashinka."

Saura Auta. Matarsa ta ce ita ba za ta faɗa ba, shi ya ƙulla, shi zai kwance. Da la'asar ta danna kiran ta miƙa masa, ta koma bakin taga ta juya baya.

"Baba! Na samo maka sandunan tafiya, irin masu naɗewa, za ka ga..." Ta tsaya. "Wace riga ce wannan a jikinka? Ina kake?"

Ya gaya mata. Bai iya tsara maganar ba, ya fara daga gada, ya koma kafet, ya dawo likita. Fuskarta a wayar ta tsaya cak, har ya ɗauka layi ne ya yanke.

"Tun yaushe kake jin ciwon?"

"Tun kafin takalmin ya zo."

"Kuma da za ka taho."

"Da zan taho."

"Ka bi ni har can sama, inda babu kowa, ka faɗi a hannuna?" Muryarta ta tsage. "Baba, me na yi maka? Da yaya zan sauko da kai? Da me zan gaya wa Mama?"

"Na ga in na faɗa, za a hana ni zuwa. In aka hana ni, ban san ranar da zan gan ki ba."

Ta rufe bakinta da hannu. Ya ga kafaɗunta suna rawa, ya ga bayanta wani ɗan ɗaki da bai taɓa shiga ba, da jakunkuna biyu a jingine da bango, babba da ƙarama. Da ta sami magana sai ta koma irin muryar saƙonninta na safe, mai tsara abubuwa. Ta ce hutun yana nan, ba a soke shi ba, tikiti kawai za ta juya. Za ta duba jirage, za ta yi magana da wurin aiki, in an gama aikin ita za ta yi jinyarsa, ita za ta riƙa fita da shi yana takawa a hankali.

Yana ta gyaɗa kai. Shi mutum ne da bai taɓa roƙon 'ya'yansa komai ba, ko ruwa in yana so tashi yake ya ɗebo. Ya dubi bayan matarsa, ya dubi robar ƙarin ruwan da ke maƙale a hannunsa, ya matso da wayar kusa da bakinsa.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Tsoro nake ji." Ya ƙara riƙe wayar. "Kada ki bari sai an fito da ni. Ki zo kafin a shigar da ni."